Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Gidanmu ba a roƙo

Makon jiya na tsaya a inda na samu biza. To ranar da na je yi wa Baffa sallama ko ɗaga kai bai yi ba, yana jan carbi ya ce wai yanzu duk karatun duniya ka rasa wanda za ka haye jirgi dominsa sai wasa? Gidanmu dai ba a roƙo. Maganar da ya faɗa min ke nan tun ina Zariya ina karanta wasan kwaikwayo, ita ya maimaita ranar ɗaurin aurena a gaban surukaina, wallahi har yau in na tuna sai na ji wuyana ya yi nauyi.

Na sauka Ingila a watan Satumba 2015, digiri na biyu, shekara ɗaya cur. Ni na ɗauka dandamali za mu riƙa hawa, ashe rabin karatun lissafi ne, wa ke zuba kuɗi, wa ke da haƙƙin mallaka, yadda kuɗin cacar ƙasa ke tallafa wa gidajen wasa a can, da yarjejeniyar UNESCO ta 2005 kan kare al'adu daban-daban da muka yi mako biyu muna tsefewa. Wata rana malamarmu ta ce in bayyana wa aji yadda fim ɗin Hausa ke maida kuɗinsa, na ce furodusa ya kai faifai Ƙofar Wambai, ɗan kasuwa ya karɓa bashi, kafin a biya shi masu satar fasaha sun cika gari da kwafi. Suna ta rubutawa kamar na kawo wahayi. Amma da na ce a kan kasuwar zan yi kundina sai ta ce ai tashe zai fi armashi, har da cewa ko zan ɗan gwada musu. Na gwada kuwa, na manna auduga a haɓa na yi tsoho da gemu, suka yi tafi, na koma ɗaki na kasa cin abinci.

A Yulin 2016 ina tsakiyar rubutu aka soke aikin alƙaryar fim ta Kofa a jihar Kano, ta naira biliyan 3, bayan malamai sun yi ca. Baffa da bai taɓa kirana ba sai ga saƙon murya ta wayar Umma, wai ka ji ko.

Agusta muka je bikin wasanni na birnin Edinburgh, wanda ake yi tun 1947. A kan titin Royal Mile na ga wani ƙato yana jujjuya wuƙaƙe cikin yayyafi, da ya gama ya tuɓe hula ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana zolayar masu sulalewa, sak ɗan kama a bakin kasuwa. Na jefa masa fam biyu, na tsaya ina ta dariya ni kaɗai.

Hajiya Babba ce ta gaya min daga baya, wai Baffan nan da yana yaro shi ne jagoran tashen unguwarmu, har dukan tsiya ya sha a kai wurin Malam. Ban taɓa tada masa zancen ba har ya rasu. Mako mai zuwa zan kawo yadda aka yi da kundin, da rigimar kuɗin haya.