Cokalin da Na Fizge a Hannun Uwata

Ranar Lahadin makon jiya na biya gidan ƙanwata a Rikkos bayan la'asar, da niyyar in gaishe ta in wuce. Ina yin sallama na tarar da ɗiyarta tsugune a tsakar gida, ta jingine waya da bango tana ɗaukar bidiyo, ita kuma tana murƙushe wata farar ƙwaya a cokali da gindin kofi. Yarinyar nan sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Tana aji uku a Jami'ar Jos, kuma a ganinta babu abin da ya rage a duniya wanda ba ta sani ba.

Na ce, "Uwata, wa ba shi da lafiya?" Ta nuna min muzurunta, wani fari mai gashi buzu-buzu, wanda ta raɗa wa sunan Turawa da harshena ya kasa juyawa har yau. Yana ƙudundune cikin robar yashinsa, inda yake fitsari da kashi, yana nishi, babu abin da ke fita. Ya fito ya lashi gabansa, ya yi wani kuka mai ban tausayi, ya sake komawa. Ta ce, "Kawu, kashi ne ya ƙi fita tun safe. Farasitamol zan ba shi ciwon ya lafa, sai in ɗura masa man zaitun."

Ban san lokacin da na fizge cokalin na watsar da garin a magudana ba. Har uwarta ta fito daga kicin tana cewa, "Yaya, lafiya?" Ina fa lafiya! Hannuna rawa yake yi, don ni na taɓa riƙe irin cokalin nan, kuma babu wanda ya fizge shi a hannuna.

Shekara goma sha wani abu ke nan. Ina sana'ar kayan gwari a kasuwar Farin Gada, ɓeraye suka addabe ni a gida, suka huda buhuna, suka cinye min takardun bashi. Wani maƙwabcina a Anguwan Rogo ya ba ni ɗan muzuru mai ruwan toka, yara suka sa masa Ɗan Toka. Don aiki na kawo shi, ba don so ba, wannan gaskiya ce. Amma kyanwa ba ta neman izini kafin ta shiga ran mutum. Kafin shekara ta zagayo, shi ke tada ni asuba, ya zauna a gefen darduma har in idar, in ina karyawa kuma yana da kasonsa a ƙwai. Ɓeraye suka ƙare, shi kuma ya yi ƙiba, ya zama ɗan gata mai kwana a kan kujera.

Sai bikin babbar 'yata ya zo, a watan Janairu, tsakiyar hunturu. Wanda ya san Jos ya san sanyin lokacin nan, ruwan randa kansa sai ka yi shahada kafin ka tsoma hannu. Gida ya cika da baƙi daga Bauchi da Zariya, yara na bin Ɗan Toka da tsintsiya, wata gwaggon amarya kuma ta rantse ba za ta kwana gidan da mage ke kallon ta da dare ba, wai ba a san ko wane ne a cikin fatarta ba. Don a zauna lafiya na kulle shi a sito. Na zuba masa busasshen abincin kyanwa na leda da kawunan busasshen kifi, na ajiye ruwa a gwangwanin madara. Kwana huɗu. Da na buɗe sai na ga gwangwanin a kife, Allah kaɗai ya san ranar da ya kife.

Zan ce ban yi laifi ba a nan, don wa ke tuna kyanwa ranar da yake aurar da 'yarsa ta fari? Kayan ɗaki kaɗai sun kai ni ƙasa. Amma kuma makullin siton yana aljihuna duk kwanakin nan, kuma sau nawa na wuce ta ƙofar zuwa alwala? Duk sanda malam ya kawo hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, sai in sunkuyar da kai. Ni dai na ba da abinci, haka nake faɗa wa kaina. Ruwan ne.

Kwana biyu bayan an watse, ya yi min fitsari a kan tayil ɗin falo, ɗan ɗigo mai ruwan hoda kamar an wanke nama. Washegari ya yi a cikin bahon wanki. Na ɗauka iskanci ne, ramuwar gayya yake yi don na kulle shi, na bi shi da silifa. Wannan silifan ya fi komai tsaya min a rai. Dabba tana nuna min jini da iyakar hanyar da take da ita ta yin magana, ni kuma na amsa mata da duka.

Daga nan ya fara tsugunno babu abin da ke fita. Matata ta ce cikinsa ne ya ɗaure, ni ma na ce haka ne, muka ɗura masa man ja. Bai yi ba. Na je kemis na unguwa, yaron shagon ya ba ni kafso mai kashe ƙwayoyin cuta, ya ce in buɗe in zuba a madara. Ba na ganin laifinsa sosai, abin da na roƙa ya ba ni. Da dare ya yi kukan ya hana kowa barci, sai na ɓare farasitamol, na raba biyu, na daka rabi a cokali. Lissafina a lokacin: abin da ake ba jariri ai ba zai kashe kyanwa ba. Tausayi ne ya sa ni, wallahi tausayi ne. Da mugunta ce da na jefar da shi bayan katanga na yi barcina.

Me ya hana ni kai shi asibiti tun ranar farko? Kuɗi, zan ce. Amma ba kuɗi ba ne kaɗai, kunya ce. Ina tunanin 'yan majalisarmu su ga Alhaji guda ya rungumo mage a kwali ya tari Keke Napep, alhali ga mutane can ba su da na allurar zazzaɓi. Ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom, nan bayan Bukuru, tun 1924 take wurin, ga likitocin dabbobi a cikin gari, amma a ƙwaƙwalwata duk wannan na shanu ne da kaji, dabbobin da ake ƙirgawa da naira.

Da gari ya waye fuskarsa ta kumbura, tafin ƙafafunsa ma haka, yana amai, ba ya iya ɗaga kai. Nan kunyar ta gudu. Likitan da muka samu, matashi ne sa'ar ƙanena, ya ɗaga leɓen Ɗan Toka ya nuna min dasashi ya koma ruwan ƙasa, ya tambaye ni abin da na ba shi. Na faɗa. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya kama hannuna ya ɗora a marar muzurun, na ji wani abu mai tauri kamar lemon zaƙi. Ya ce, "Alhaji, mafitsararsa ke nan. Ba kashi ba ne, fitsari ne ya toshe."

Abin da ya bayyana min a ranar na haddace shi kamar karatun allo. Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce siririya, musamman wajen ƙarshe, ba kamar ta macen kyanwa ba wadda take gajeriya mai faɗi. In mafitsara ta kumbura, majina da jini da wasu 'yan ƙananan duwatsu kamar garin yashi sukan dunƙule su toshe bakin. Fitsari ya rasa mafita, ƙoda ta tsaya da aiki, dafin da ya kamata ya fita ya koma jini, sinadarin fotasiyam ya hau har ya rikita bugun zuciya. Kwana biyu zuwa uku sun isa a rasa dabbar. Abin da ke kumbura mafitsarar kuwa, in ji shi, a kyanwar da ba ta tsufa ba sau da yawa ba ƙwayar cuta ba ce, don haka kafson nan aikin banza na yi. Tashin hankali ne da ƙarancin ruwa: baƙi, hayaniya, ƙaura, kulle, zaman wuri ɗaya, ƙiba. Ya yi ta lissafo su yana ƙoƙarin sa robar fitsari, ni kuwa ina jin kamar labarin bikin gidana yake karanta min.

Farasitamol kuma, hantar kyanwa ba ta da abin narkar da shi kamar tamu. Yana lalata jininta har ya kasa ɗaukar iska, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Akwai makari in an yi sauri, ni ban yi ba. An zuƙe fitsarin, ja wur kamar zoɓo, an sa masa ƙarin ruwa. Bai kai magariba ba. Na tambayi likitan wanne ne ya kashe shi, toshewar ko ƙwayar. Ya ce, "Alhaji, a bar wa Allah." Wasu ranaku nakan zaɓi toshewar, don ita ba da hannuna na ɗura ba.

To, wannan ne ya sa na ce wa Uwata ta ɗauko tawul da kwando. Ta ce yau Lahadi, a bari sai Litinin, kuma wai wata mata a intanet ta ce tuffa mai tsami tana wanke mara. Ku yaran yanzu kuna ba ni mamaki! Ki sayi kyanwa da kuɗin da zai ciyar da gida wata guda, ki saya mata sarƙar wuya mai ƙararrawa, ki buɗe mata shafi a Instagram, amma lambar likita ɗaya babu a wayarki. Dabba na mutuwa kina gyara mata haske don bidiyo ya fito. Mu jahilci ya ci mu, ku kuwa me za a ce ya ci ku? Ko da yake, kada in ci zalinta: a wayar nan da nake zagi ta lalubo likitan da ya yarda ya buɗe mana a yammacin Lahadi, cikin minti biyar. Ni da sai in yi ta buga ƙofofi har isha'i.

An yi wa muzurun Uwata allurar barci, an zura siririyar roba an wanke hanyar, aka bar robar a jikinsa kwana biyu yana shan ƙarin ruwa. Ya dawo gida da wata kwalar roba a wuya kamar mazurari don kada ya lashi wurin, da magunguna, da gargaɗin cewa kwanakin farkon nan su ne abin tsoro, don yana iya sake toshewa. In abin ya yi ta maimaituwa akwai tiyatar da ake faɗaɗa hanyar.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, har na jera su a bayan takardar rasit. Da na duba sai na ga yawancinsu surutu ne. Muzuru ya tsuguna bai yi fitsari ba, a ranar za ka kai shi, ko Lahadi ce, ko ranar Sallah ce. Kada ka tsaya musun kashi ne ko fitsari, ba za ka iya bambancewa da ido ba, ni da gemuna ban iya ba. Kada ka matsa masa ciki wai ka taimaka, mafitsarar da ta cika tana iya fashewa. Kuma duk maganin da aka yi don ɗan Adam, farasitamol ne, ibufurofen ne, jiƙo ne, kanwa ce, kada ya shiga bakin kyanwa sai da faɗar likitan dabbobi.

Sauran duk zancen ruwa ne. Kakannin kyanwa daga busassun ƙasashe suka fito, wajen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, ruwansu a jikin abin da suka farauto suke samu, shi ya sa ƙishirwa ba ta cika tada ta zuwa kwano ba. Busasshen abincin leda ruwan cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani kuwa ya kusa kashi 80. Muzuru mai kilo 4 yana bukatar abin da ya kusa rabin ledar fiyawota a yini, har da na cikin abinci. In na gwangwani ya fi ƙarfinka, tambayi likita abin da za ka haɗa a gida, ka riƙa jiƙa masa abinci da romon da babu albasa babu tafarnuwa, don su ma guba ne gare shi. Kwanon ruwa mai faɗi, biyu ko uku, nesa da robar yashi, a canza kullum, da hunturu a ɗan sirka. Yashin kuma a kwashe kullum, ba don tsafta kaɗai ba, don a nan za ka ga ko ya yi ko bai yi ba.

Zan ce kada ku kulle kyanwa, ku bar ta ta yi yawonta kamar yadda Allah ya halicce ta. Amma wadda ke yawo a waje yaya za ka san ta yi fitsari? Ga karnuka, ga mota, ga shinkafar ɓera a gidan maƙwabta. To, ku tsare ta, amma ba irin tsarewata ba. In za a yi taro a gida, a ware mata ɗaki mai shiru da ruwanta da yashinta, a wakilta yaro ɗaya mai hankali ya riƙa leƙa ta safe da yamma. Gaskiyar da ke raina ma ita ce, in ba za ka iya fitar da kuɗin asibiti ba tare da ka ji ƙyashi ba, kada ka ajiye kyanwa sam, ka sayi tarko. Na faɗi haka, amma ni da bakina na ce wa maƙwabcina ya ajiye min ɗaya in tasa ta haihu, bayan shekarun nan duka da na rantse na gama.

Shekaranjiya da asuba, ina kan darduma, wayata ta yi ƙara. Uwata ce ta turo hoto: yashi ne a roba, da jiƙaƙƙen wuri kamar faɗin tafin hannu. Ta rubuta, "Kawu, ya yi!" Na sa tabarau na yi ta buɗa hoton da yatsu ina duba ko akwai ja. Kafin in gama rubuta mata amsa na ga har ta ɗora shi a status, da waƙa.