Neman matar da takarda ta ɓoye

Ofishina ɗaki ɗaya ne a Richmond, jihar Virginia ta Amirka, ni da yarinya guda mai taya ni ɗaukar hoton takardu. Sana'ata bin salsala: ka kawo mini sunan kakan kakanka, in tono maka asalinsa. Idan namiji ne, da sauƙi. Idan aka ce mace ce wadda ta rayu kafin 1800, sai in gyara zama.

A Kano inda na tashi, ko tsohuwa ta kai shekara ɗari an san 'yar gidan wane ce. Nan kuwa ranar aure sunan ubanta yake faɗuwa, kuma a wancan zamani dokar Ingila da Amirkawa suka gada ta naɗe matar aure cikin mijinta, ba ta ƙulla ciniki da sunanta. Ƙidayar jama'a ta farko ta 1790 sunan mai gida kaɗai ta rubuta, matan gidan sai adadi. Sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowane mai 'yanci, bayi kuma suka jira har 1870, bayan an 'yanta su.

Don haka ba na bin matar, dukiya nake bi. A zamanin da, wadda mijinta ya mutu tana da haƙƙin cin moriyar sulusin gonarsa har ƙarshen ranta, shi ya sa in miji zai sayar da fili, sai a ja matar gefe, ba a gabansa ba, a tambaye ta ko da yardarta. A nan dole magatakarda ya rubuta sunanta. Wasiyyar uba ta fi wannan daɗi: "ɗiyata wance, matar wane". Layi ɗaya ya ɗaure gida biyu. Matsalar ita ce gobara. Gundumomi da dama sun kawo kundayensu Richmond don tsaro lokacin yaƙin basasa, wutar 1865 ta lashe su.

Wata dattijuwa ta taɓa kawo mini aiki irin wannan, kundin gundumarsu duk ya ƙone. Abin da ya cece mu dokar 1836 ce, wadda ta ba matan sojojin yaƙin neman 'yancin Amirka fansho in sun tabbatar da aurensu. Da yawa ba su da shaida sai shafin Baibul ɗin gida inda ake rubuta aure da haihuwa, suka yage shi suka aika Washington. A fayil ɗin fanshon matar da muke nema muka same shi, gefensa a yage, tawada ta koma ruwan ƙasa, ga sunan uban matar a sama. Na kira ta a waya, ta yi shiru har na zaci layi ya yanke.

Ba kullum ake dacewa ba, shi ya sa kuɗin awa nake karɓa, tun farko nake faɗa wa mutum cewa nema yake biya. Na kuma taɓa kwafsawa. Wani manomi ya auri mata biyu a jere masu suna ɗaya, na haɗe su a matsayin mace ɗaya na miƙa rahoto. Da na sake lissafi sai na ga baiwar Allah ta haihu tana da shekara sittin da ɗoriya. Na mayar da kuɗin, na sake aikin daga tushe, wata biyu cur.