Ciwon ɗan acaba a kan takarda

Gajeren labari nake rubutawa a kan wani ɗan acaba mazaunin Agege, wanda mota ta kaɗe a Ikeja 'yan makonni kafin gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yuni, 2022. Rubutu na tafiya lafiya har na iso inda zai faɗi ƙasa. Abin da ke kusa da hannu shi ne wanda rediyo ya saba mana da shi, wato "munanan raunuka". Mai karanta labarai yana da uzuri, lokacinsa ƙanƙane ne. Ni kuwa so nake mai karatu ya ji tsigar jikinsa ta tashi, kuma "mummuna" ba ta gaya masa ko kai ne ya fashe ko ƙafa ce ta karye.

Sai na ajiye sifa tukuna, na fara da sunan ciwon. Ƙujewa daban, yanka daban, haka sara da suka da ƙuna. A ƙashi akwai targaɗe, akwai gocewa, akwai tsagewa, akwai karaya. Wanda ya daɗe ya ƙi warkewa kuma gyambo ne. Da zarar na rubuta cewa kwalta ta ƙuje masa kafaɗa, mai karatu ya riga ya ga faɗin wurin da rashin zurfinsa da yashin da ya maƙale ciki.

Jini ne ya kai ni mayankar Oko-Oba, wurin wani dattijon mahauci da hannuwansa duk tabon wuƙa ne. Na karanta masa inda jini ke zuba, ya ce, "Ɗana, wane jinin? Akwai mai tsartuwa, akwai mai tsiyaya." Idan wuƙa ta taɓa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, jawur yake fitowa, yana feshi da bugun zuciyar. Na ɗaya jijiyar, mai mayar da jini zuciya, ya fi duhu, a hankali yake kwarara. Ya ƙara da cewa wuƙa mai kaifi ba ta zafi nan take, sai ka ga jinin kafin raɗaɗin ya iso. Na ce, "Baba, to fatar kai fa?" Ya ce ƙaramar tsaga a kai tana iya yi wa mutum jina-jina har riga, a ɗauka mutuwa zai yi, alhali ɗinki kaɗan ne.

Amma wadda ta sauya mini labarin gaba ɗaya maƙwabciyarmu ce, Hajiya, tsohuwar nas da ta yi shekaru a asibitin ƙashi na Igbobi. Tambaya ɗaya ta yi mini: ciwon kwanansa nawa? Ta ce ciwo tafiya yake yi, sifar da ta dace da shi yau ƙarya ce jibi. Ranar farko ɗanye ne, ja, yana raɗaɗi. Washegari gefensa ya kumbura, ya yi ɗumi, jiki ya yi tsami. In an kula da shi sai ya fara tsotsewa, ya yi ɓawo, ya koma ƙaiƙayi. In ƙwayoyin cuta sun shiga, bayan kwana biyu ko uku sai zugi mai hana barci, da mugunya, da wari, da zazzaɓi. Raɗaɗi da zugi ba abu ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya taɓa jinya zai gane in ka musanya su.

Ita ce kuma ta tuna mini da ƙunar salansa a sha-raɓa, wadda masu hawa acaba suka sani sarai. Ƙuna ta sama-sama ita ce mai tsananin zafi, ta yi bororo cike da ruwa. Mai zurfi tana iya yin fari ko baƙi, ta bushe kamar ƙirgi, mai ita bai ji zafi sosai a tsakiyarta ba, don jijiyoyin ji sun mutu. Na ba ɗan acabana wannan ta biyun, na sa shi yana murna cewa ba ta ciwo, matarsa kuwa ta lura da fuskar likita.

Batun launi ya dame ni ƙwarai. Littattafan da aka rubuta kan farar fata suna cewa inda jini ya taru yakan yi shuɗi, daga baya ya yi kore. A jikin mutumina, baƙi ɗan Sakkwato, ba haka ido ke gani ba. Wurin yakan ƙara duhu ne, ya kumbura suntum, fatar ta ɗaure tana sheƙi, kuma hannu ya fi ido saurin gano shi. Haka na rubuta, don jikin masu karatuna ke nan.

Kalmomin amsa-kama irin su male-male da kaca-kaca da sharkaf suna da daɗin faɗa, amma in suka taru a shafi ɗaya sai haɗarin ya koma wasan kwaikwayo. Ɗaya kawai na bari, jinin da ya kwanta male-male a kwalta, kuma daga bakin mai shayin da ya fara isa wurin ta fito, ba daga bakina ba.

A ƙarshen labarin an cire masa filastar karayar da ya samu a ƙafa bayan wata biyu, ƙafar ta tsotse ta yi furu-furu. Ƙujewar kafaɗar ta bar tabo mai tudu, mai santsi, irin wanda ya fi yawa a baƙar fata, wanda ke ci gaba da girma ya wuce iyakar ciwon. Hajiya ta karanta, ta ce in ƙara cewa yana masa ƙaiƙayi in ya yi gumi, na ƙara.