Waƙar hawaye mai sunan abinci

Fito ne ya fara kama ni. Ina kallon wani tsohon bidiyo a waya sai na ji waƙa tana tashi ƙasa-ƙasa, muryar namiji mai taushi, cikin harshen da ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Can tsakiya mawaƙin ya ajiye baiti ya koma fito. Kwana uku fiton nan yana bakina. Da abin ya ishe ni na kunna wa manhajar gane waƙa, ta ce sunanta "Sukiyaki", mawaƙin kuma Kyu Sakamoto.

Na rubuta sunan a intanet, sai ga hotunan tukunya cike da yankakken naman sa da ganye. Ashe sukiyaki abinci ne na Japan. Na ce to, waƙar girki ce, shi ya sa take da annashuwa. Da na tsaya nan da na tafi da ƙarya, har ma in yaɗa ta.

Abin da ya cece ni shi ne neman sunan da masu ita suka raɗa mata. A Japan ta fito a 1961 da suna "Ue o Muite Arukō", wato ina tafiya ina kallon sama. Me ya sa yake kallon sama? Don kada hawaye su zubo. Babu nama a cikinta, babu tukunya, mutum ne shi kaɗai cikin dare yana haɗiye kuka. Rokusuke Ei ya rubuta baitocin, Hachidai Nakamura ya tsara kiɗan. An ruwaito cewa Ei ya rubuta su ne cikin ɓacin rai bayan zanga-zangar 1960 ta ƙin yarjejeniyar tsaro tsakanin Japan da Amurka, wadda ba ta hana yarjejeniyar tabbata ba. Amma bai sa siyasa a baki ba, shi ya sa wanda masoyiya ta guje wa ma zai ɗauka da shi ake.

Sunan abincin daga Ingila ya samo asali. Kamfanin faifai na Pye ya fitar da kiɗan zalla, wanda Kenny Ball da ƙungiyarsa suka buga, aka ga Turawa ba za su iya furta sunan asali ba, sai aka ɗauko kalmar Japananci da suka saba ji. Ni dai na ga raini a ciki, ko da yake sunan ya sayar da faifai. A Amurka kamfanin faifai na Capitol ya saki muryar Sakamoto da wannan suna, a watan Yunin 1963 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard, ta yi mako uku a can, alhali yawancin masu sayen ba su san abin da yake faɗa ba.

Na kuma koyi kada in dogara da sigar Turanci don gane ma'ana. Wadda mawaƙan Amurka A Taste of Honey suka yi, ta yi tashe a 1981, sababbin baitoci ne aka ɗora kan tsohon kiɗa.

Daga ƙarshe na nemi labarin mawaƙin, ina fatan ganin hotonsa da furfura. Yana cikin jirgin Japan Airlines mai lamba 123 da ya faɗi ranar 12 ga Agusta 1985, inda mutum 520 suka rasu. Shekarunsa 43. Na sake kunna waƙar a daren, da ya iso wurin fiton ban iya bin sa ba.