Ai ta taɓa tashi

Yau a taron bitar haɗurra na ƙaramin tauraron ɗan'adam da muke haɗawa, bakina ya suɓuce na ce manhajar sarrafa alkibla ba sai an sake gwada ta ba, ai ta yi aiki lafiya a na baya, ga lokaci ya ƙure. Dattijon da ke kula da ingancin aikin bai ɗaga murya ba. Tabarau ya cire ya ajiye kan takarda, ya ce, "Malam, a wane gudu ta yi aikin, a wane yanayi?" Na buɗe baki, na rufe.

Nan take rokar Turai Ariane 5 ta faɗo min a rai. Ranar 4 ga Yuni 1996 ta tashi daga Kourou da ke Kudancin Amurka, ko minti ɗaya ba ta cika ba ta tarwatse da taurarin ɗan'adam huɗu a cikinta. Manhajar rokar da ta gabace ta, Ariane 4, aka gada, wadda ba ta taɓa ba da kunya ba, amma sabuwar rokar ta fi gudu a kwance, sai wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, kwamfutar da ke auna alkibla ta tsaya. Kwamfutar ko-ta-kwana ma manhajar ke nan a cikinta, ita ma ta tsaya cik. Abin haushin, tun ina ɗalibi na san labarin nan, har na sha ba wa wasu. Da hannuna na ƙara gwajin a jadawali, amma har yanzu kunyar maganata ba ta sake ni ba.