"Malam, Ni Ba Ni da Kai"

A darasin ilimin halayyar ɗan Adam da muka yi a Kwalejin Ilimi ta Gumel, sunayen masana sun yi yawa, akasari haddace su muke yi don jarrabawa. Kaɗan ne suka biyo ni har ƙauyen da nake koyarwa a ƙasar Auyo.

Ɗaya shi ne George Kelly na Amurka. A 1955 ya fito da ra'ayin cewa kowane mutum ɗan bincike ne a rayuwarsa: abu ya faru, ya yi masa fassara, ya yi hasashen abin da zai biyo baya, sai ya tafiyar da kansa a kan wannan hasashen. Ma'aunan da muke auna duniya da su kuwa kishiyoyi ne, mai kirki da mugu, mai kai da daƙiƙi. A wurinsa, in ka gano ma'aunan mutum ka gano halinsa.

A aji huɗu nake ganin wannan ƙarara. Yarinya ta kasa lissafin rabawa, ta ajiye fensir ta ce, "Malam, ni ba ni da kai." Ta kusa da ita ma ta kasa, amma ta ce, "Malam, ban gane ba, a sake." Kafin zango ya ƙare ta farkon ta koma can baya, ba ta ɗaga hannu, har a ce da ita raguwa. Alhali ita ce mai tallan ƙosai ranar kasuwa, ba ta taɓa ɓata canjin naira goma ba. A ma'auninta wannan ba lissafi ba ne, lissafi sai wanda ke kan allo. Wani ne ya taɓa kiranta daƙiƙiya, ta karɓa ta riƙe.

Inda nake da ja shi ne wajen Julian Rotter. A 1966 ya fitar da jerin tambayoyi da ke raba mutane tsakanin masu ganin ragamar rayuwarsu tana hannunsu da masu jingina komai ga sa'a, ƙaddara ko manya. In aka bi wannan ido rufe, duk garinmu rukuni na biyu za mu faɗa, don ba wanda ba ya cewa "haka Allah ya so." To amma na ga ambaliyar 2022, da Kogin Haɗeja ya tumbatsa ya cinye shinkafar mutane. Kowa ya ce ƙaddara ce. Wani ya faɗi haka ya zauna jiran tallafi. Maƙwabcinsa ma ya faɗa, amma ruwa na janyewa ya ciwo bashin iri ya shiga noman rani. Imaninsu ɗaya, fahimtarsu ce ta bambanta. Na biyun ya ɗauki tawakkali yadda hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya koyar: ka ɗaure raƙumarka, sannan ka dogara ga Allah.

Wa'azi ba ya sauya irin wannan fassara. Albert Bandura ya nuna a 1977 cewa ba abin da ke sa mutum ya yarda zai iya kamar ya ga ya taɓa iyawa da kansa. Shi ya sa yanzu nake fara rabawa da ƙosai: na ɗari shida, mutum uku, na nawa kowa zai samu? Kafin in rufe baki yarinyar nan mai tallan ƙosai ta amsa. Sai in rubuta a allo in ce mata, "Ga abin da kika yi."

Ba kowa yake ci ba. Yaron da ya zo bai karya ba, yana zaune a ƙasa cikin cunkoso, ba tunaninsa kaɗai ke danne shi ba. Wasu 'yan matan kuma kafin su fara ɗaga hannu an cire su daga makaranta.