Kotun Gundumar Chase: Ginin Dutse a Ƙasar Makiyaya

A garin Cottonwood Falls na jihar Kansas ta Amurka, wanda mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba, babban titin garin yana miƙewa ne har ya tsaya a ƙofar kotun gundumar Chase. An fara ginin a 1871, aka kammala a 1873, kuma shi ne ginin kotu mafi daɗewa da har yanzu ake aiki a cikinsa a duk faɗin jihar.

Wanda ya zana shi, John G. Haskell, yana cikin waɗanda suka tsara ginin majalisar jihar da ke Topeka. Ya ɗauko salon gine-ginen Faransa na wancan zamani, mai jan rufi wanda gefensa ya tashi kusan a tsaye, da tagogi a jikin rufin, da hasumiya mai agogo a samansa. Sai dai kayan aikin na gida ne. Farin dutsen da aka yi bango da shi a nan yankin aka haƙo shi, aka sassaƙa da hannu, matakalar da ke murɗawa daga ƙasa zuwa hawa na uku kuwa an yi ta ne da katakon itatuwan gaɓar kogin Cottonwood. Wannan haɗi shi ne abin da ya fi burge ni, domin fasalin baƙo ne, amma jikin ginin na ƙasar da ya tsaya a kanta ne.

A ƙidayar 1870 mutanen gundumar ba su cika dubu biyu ba, manoma da makiyaya ne da suka sa ran wurin zai bunƙasa, shi ya sa suka yi ginin da ya fi ƙarfin buƙatarsu. Yawan jama'a ya haura dubu takwas a 1900, daga nan ya yi ta raguwa, har ya koma ƙasa da dubu uku a yau.

Ina ganin abin yabon da ya fi girma na jikokinsu ne. Kula da tsohon dutse da katako yana cin kuɗi, kuma masu biyan haraji kaɗan ne, duk da haka ba su rushe shi ba, ba su mai da shi gidan tarihi kawai ba. An sanya shi cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1971, kuma har gobe a cikinsa alƙali yake zama, a nan kuma ake ajiye takardun filaye da biyan haraji.